Gurbin da Ke Cin Batir

Batura huɗu ne a cikin akwatin katakon da ke ƙarƙashin bencin baya na jirgin kawuna. Kowannensu bolt 12 ne, amfa-awa 100, rana ɗaya aka saye su a shago ɗaya, tambarinsu ma ɗaya. Kafin shekara ta zagayo, na bakin akwatin ya mutu. Aka sayo sabo aka dasa a gurbinsa, bai cika wata bakwai ba ya bi sahun na farko. Na uku ko damina ɗaya bai ƙarasa ba. Sauran ukun kuwa, waɗanda suka girmi sababbin nan, suna zaune daram, ba wanda ya kumbura, ba wanda ya yi wari. Duk batirin da ya shiga gurbin nan sai ya mutu, kuma kowane sabo ya fi na gabansa gajeren kwana.

Jirgin a tafkin Shiroro yake aiki, inda aka datse Kogin Kaduna aka kafa tashar lantarki mai ƙarfin megawat 600 da ta fara aiki a 1990. Wutar da ruwan nan ke samarwa takan hau manyan turaku ta nufi birane, amma tungayen masunta da dama a gaɓar tafkin sai dai sola da batir. Kawu fataucin kifi yake yi. Yakan zagaya tungayen ya sayi tarwaɗa da karfasa, da giwan ruwa idan an dace, ya sauke a kwatar Zumba, daga nan mota ta bi ta Gwada da Maitumbi ta kawo kayan Minna. Da can ƙanƙara yake saye a gari, kafin a isa bakin ruwa rabinta ya narke, kifin da ya kwana kuma sai banda. Masu gidajen abinci ɗanye suke nema, shi ya sa ya rufe ido ya ɗora farantan sola a kan rumfar jirgin, ya sayi ƙaramar firiza da inbata, ya ƙara da famfon kwashe ruwa da fitila. Hukumar NIWA ta hana zirga-zirgar dare, don haka jirgin kan kwana a kwata da kifi a ciki, batura ne ke riƙe firizar har gari ya waye. Ranar da suka gaza, jarin mako guda ya tafi. Idan kuma famfo ne ya tsaya ana tsakiyar tafki, iska ta taso, to maganar ta wuce ta jari.

Wanda aka fara zargi shi ne mai shago, kuma ba a yi mamaki ba, don jabun batir ba baƙon abu ba ne a kasuwa. Kawu ya ɗauko mataccen ya kawo Minna, ya sauka a gidana, washegari muka kai shi wurin wani mai rewaya a Ƙetaren Gwari, mutumin da ya yi shekaru yana wayarin mota kafin ya koma aikin sola. Bai ko taɓa mita ba, sai ya ɗora batirin a sikeli. Tun da Gaston Planté ya ƙera batirin dalma da asid a Faransa a 1859, ba a sami dabarar adana wuta mai yawa a irin wannan batir ba tare da dalma mai yawa ba. Mai amfa-awa 100 na gaskiya yakan doshi kilo 30. Wanda aka yi wa ƙwauron dalma hannu ma yana jin rashin nauyinsa. Na Kawu ya tashi kilo 29. Ba jabu ba ne.

Da na biyu ya mutu, mai rewaya ya ga abin da zai kama. Batirin babbar mota ne Kawu ya saya saboda sauƙin kuɗi. Irin wannan an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, sannan a mayar masa nan take. Farantan da ke cikinsa sirara ne, ba sa jure a riƙa tatsarsu dare bayan dare. Hujja ta zauna, kowa ya gamsu. Shi da kansa ya raka Kawu aka zaɓo na uku, irin na sola mai kaurin faranti, aka auna shi a gabanmu. Wannan ɗin ne ya fi duka saurin mutuwa, kuma da mutuwarsa maganar jabu da ta batirin mota duk suka rushe.

Sai zargi ya koma kan yaron jirgi. Wani ya tsegunta wa Kawu cewa da dare yaron na karɓar wayoyin mutanen kwata yana yi musu caji da kuɗi. Wannan zargin ya fi yi mini ciwo, don na san yaron, kuma na san yadda sunan ɓarawo ke manne wa talaka. Lissafi kaɗai ya isa ya wanke shi. Batura huɗun nan gaba ɗaya suna ɗauke da wat-awa 4,800, kuma mai son batirin dalma ya yi ƙarko ba ya cinye fiye da rabi, wato 2,400. Wayar hannu ta zamani wajen wat-awa 20 take ɗauka. Ko wayoyi goma ya jona, bai taɓa kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ware don amfani ba. Kuma ko da ɗari ya jona, ta yaya satar za ta zaɓi batir ɗaya ta bar uku? Amma Kawu ba da lissafi yake yarda ba, da idonsa yake yarda. Wani dare da babu kifi a firiza, ya sallami yaron, ya kashe inbata, ya zare soket ɗin caji ya sa a aljihu, ya shimfiɗa tabarma ya kwana a jirgin.

Da asuba ya kira ni. Babu abin da ke kunne, babu wanda ya taka jirgin, amma lambar da ke fuskar kwanturolar cajin sola ta sauka ƙasa da inda ya bar ta. Ya ce da ya ɗaga murfin akwati wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya buge shi, ya dafa batura ɗaya bayan ɗaya, uku sun yi sanyin asuba, na bakin akwati kuwa da ɗumi.

A kwata aka shiga faɗin albarkacin baki. Wasu suka ce zafi ne. Gaskiya ne zafi na cin batir: ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 ko ƙasa da haka kaɗan a kan digiri 25 yana rage rabin kwanansa, kuma duk wanda ya yi watan Maris a yankin Minna ya san inda ma'auni ke kaiwa. Sai dai huɗun a akwati ɗaya suke, inuwa ɗaya, rana ɗaya. Wasu suka ce ruwa ke fantsamowa ta wannan gefen, Kawu ya juya akwatin, baki ya koma ciki, mutuwar ba ta bar gurbinta ba. Akwai kuma waɗanda suka rage murya suka ce a binciki abokan hamayya, ko kuwa a tuna ruwa yana da masu shi. Kawu ya yi sadaka, ya sa aka yi addu'a, sannan ya kira mai rewaya ya ce ga na uku nan zai kawo.

"Baba, kada ku kwance ko noti ɗaya," in ji shi. "Sau biyu kuna kawo mini gawa, mai kisan kuma kuna baro shi a jirgi. Wannan karon ku ɗauko akwatin dungurungum, da wayoyinsa yadda suke. Ku ɗauki hotonsa da waya kafin a ɗaga."

Kaya ne na fiye da kilo 100, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a bayan a-kori-kura.

Abu na farko da ya duba shi ne ko tun asali an yi haɗin da ya dace. Hanya biyu ake haɗa batura. Akwai siris, inda ake ɗaukar jan kai na wannan a kai wa baƙin kai na wancan, a bi da su a jere. Bolt ne ke taruwa, huɗu su ba da 48, amfa-awa kuma ya tsaya a 100. Akwai faralel, inda ja ke bin ja, baƙi ke bin baƙi. Bolt ya tsaya a 12, amfa-awa ya taru ya zama 400. Inbata da famfo da fitilar Kawu duk na bolt 12 ne, saboda haka faralel ne daidai, kuma shi aka yi. Gajerun wayoyi uku sun bi jajayen kawuna daga na ɗaya zuwa na huɗu, uku sun bi baƙaƙe. Wayoyin inbata da na kwanturola, ja da baƙi, an ɗaure su a kan batirin bakin akwati, inda hannu ya fi saurin kaiwa. Duk wanda ya kalli hoton zai ce aiki ya yi tsaf.

Ya ɗora mita a kan kowanne, duka huɗun suka nuna 11.9 ko abin da bai kai a yi magana ba tsakaninsu. Kawu ya ce, "To ka gani, Malam. Haka mai haɗa mini ya nuna mini, ya ce lafiyarsu ƙalau, kansu ɗaya."

"Ai dole kansu ya zama ɗaya, Baba, tunda waya ta ɗaure su. Muddin suna haɗe, lambar taron mita za ta ba ku, ba ta kowa ba. Sai an raba su sun huce kowa zai faɗi tasa."

Ya kwance wayoyin, ya jera su a kan benci bisa tsarin da ya same su, ya rubuta wa kowane batir lambar gurbinsa da alli, ya ce mu dawo da safe. Da safe mita ta ba da wani labari dabam: na biyu 12.2, na uku 12.1, na huɗu 11.9, na ɗaya kuwa 10.5.

Lambar nan ta 10.5 ita ta warware asirin daren da Kawu ya kwana a jirgi. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowane yana ba da bolt 2.1, shi ya sa cikakke da ya huta yake nuna 12.6 ko 12.7. Idan garin dalma ya zubo daga faranti ya taru har ya haɗa faranti biyu da bai kamata su taɓa juna ba, ɗaki guda ya fita daga lissafi, biyar suka rage, biyar sau 2.1 kuwa 10.5 ne. Yanzu a ɗaure irin wannan da batura uku masu sama da 12. Wuta daga sama take gangarowa ƙasa, don haka ukun za su kwana suna ɗura masa. Shi kuma ba zai taɓa cika ba, domin bolt 12 da ɗoriya da aka raba wa ɗakuna biyar ya kai kowanne wajen 2.4 ko fiye, iyakar da ruwan batir ke fara tafasa yana fitar da iska. Ga ɗumin da Kawu ya ji, ga warin, ga wutar da ta ɓace ba wanda ya kunna komai. Mai rewaya ya ɓalle murafun, muka leƙa: ruwan ya ja baya har kawunan farantan sun fito.

A nan na ji tsoro na gaske. Iskar da batir ke fitarwa in yana tafasa haidurojin ce, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Akwatin a rufe yake ruf, babu ko huda, kuma jarkokin fetur na injin jirgi a bayansa ake ajiye su. Kawu a kan wannan bencin ya kwana.

An gano mai shan wutar dare, amma tambayar asali tana nan. Me ya sa kullum na gurbin ɗaya ne ɗakinsa ke rushewa? Mai rewaya ya ce a fitar da batura daga cikin zargi gaba ɗaya. Ya aika yaronsa maƙwabta ya aro sababbi huɗu iri ɗaya, cikakku, ya jera su, ya haɗa su da wayoyin Kawu, kowace a mazauninta na da. Sannan ya jawo wani allo da ya kafa wa ƙwayayen fitilar mota takwas, kowane wat 60, wato amfa 5, jimla amfa 40. Ya ɗaure jan allon da baƙinsa a kan batir na ɗaya kamar yadda inbata take a jirgi, ya kunna, shagon ya ɗauki haske. Sai ya ɗauko mitar maƙalawa, wadda ake rungume waya da bakinta ta faɗi yawan wutar da ke bi ta ciki ba sai an yanke ba.

Da adalci za a yi, kowane batir amfa 10 zai bayar. Ya maƙala a babbar waya, 40. Ya maƙala a wayar da ta taso daga na biyu zuwa na ɗaya, 20. Ta tsakanin na uku da na biyu, 10. Ta ƙarshe, 4. Ya ɗauki alli ya yi ɗebewa a jikin bango: na ɗaya 20, na biyu 10, na uku 6, na huɗu 4. Sababbin batura ne, ba mai aibi a cikinsu, amma guda ɗaya na ɗauke da rabin kayan, na can ƙurya kuma kashi ɗaya cikin goma.

Kawu ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, "Waya ce fa kawai tsakaninsu. Ko kamu biyu ba ta kai ba."

Wannan shi ne abin da ke da wuyar shiga kai, kuma ni ma sai da na ga mita na yarda. Mun saba ɗaukar waya a matsayin hanya kawai, abin da ya shiga nan shi zai fita can. A wutar gida mai bolt 230 kusan haka ne, don abin da gajeriyar waya ke ci bai kai a kula ba. A bolt 12 lamarin ya sha bamban. Kowace waya tana da 'yar turjiyarta, kowane noti da kowace mahaɗa suna da tasu, kuma shi kansa batir turjiyar cikinsa ƙarama ce ƙwarai, 'yan kaso cikin dubu na om ɗaya. Idan turjiyar waya ta kusanci ta batir, to wayar ta shiga cikin masu yanke hukunci. Ya sa mita a kai biyu na wayar farko tana aiki, ta nuna bolt 0.05. Ta baƙin gefe ma haka. Lamba ce da za a raina, sai an tuna cewa tsakanin cikakken batir da wanda aka sha rabinsa bolt 0.5 ne kacal. Wutar batir na ɗaya ba ta ratsa ko ɗaya daga wayoyin nan kafin ta isa inbata. Ta na huɗu sai ta ratsa uku a tafiya, uku a dawowa. Yaron da ke zaune a bakin ƙofa shi ake aika, na cikin ɗaki sai an rasa shi.

Gaskiya ne idan dare ya yi nisa, na ɗaya ya fara gajiya, sauran kan karɓi wani kaso, kuma idan firiza ta huta sukan mayar masa da kaɗan. Amma wannan ma aiki ne a kansa: a zuƙe, a mayar, a zuƙe, a mayar, duk lokacin da injin firiza ya tashi ya fizgi wuta mai yawa. Kwanan batirin dalma ana ƙirga shi ne da yawan juyin da ya yi da zurfin kowane juyi. Da rana kuma labarin bai canja ba, don wayoyin sola a kansa suke. Shi ke fara karɓa, shi ke karɓar mafi yawa, shi ke fara tafasa ya rasa ruwa. Dare ya tatse shi, rana ta dafa shi.

Sai mai rewaya ya yi abin da ya sa Kawu ya miƙe tsaye. Bai ƙara waya ba, bai rage ba. Baƙar wayar allon kawai ya kwance daga batir na ɗaya, ya kai ta baƙin kan na huɗu, ja ta zauna inda take. Ya sake aunawa ya rubuta: 12, 8, 8, 12. Yanzu wutar na ɗaya ba ta ratsa komai a ja, amma tana ratsa uku a baƙi. Ta na huɗu uku a ja, babu a baƙi. Na tsakiya ɗaya da biyu, biyu da ɗaya. Kowa waya uku. Noti ɗaya aka matsar, kayan da ke kan gurbin ɗaya ya sauko daga 20 zuwa 12.

Ni na ɗauka an gama. Shi kuwa fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce da wayoyin kirki ne, ko a tsarin farko bambancin ba zai yi muni haka ba, a na biyun kuma ya kamata a kusan yin kunnen doki. Ya ɗauki waya ɗaya ya jinjina ta a tafin hannu, ya feɗe robar, ga silla jajaye suna ƙyalli. Ya sa wuƙa ya kankare, sai fari ya bayyana. Alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. A kauri ɗaya, alminiyam kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, nauyinsa kuma bai kai sulusi ba, abin da hannunsa ya fara ji ke nan. Robar tana da kauri, cikin kuwa bai wuce milimita murabba'i 6 ba. Bakunan ma ba a matse su da kan waya ba, an murɗa sillan ne a kewaye da noti, kuma a danshin jirgi inda alminiyam ya haɗu da jan ƙarfe sai ya riƙa cin kansa, farin gari ya taru a mahaɗa. Ya yanko jan ƙarfe na gaske mai kauri 25, gajeru, tsayi ɗaya, ya matse musu kawuna, ya ɗaure. Allon ya haska, alli ya rubuta: 10.5, 9.5, 9.5, 10.5.

Saura tambaya ɗaya, kuma Kawu ne ya yi ta. In gurbin ne ke kisa, me ya sa na farko ya kusa shekara, na uku kuma mai tsada bai ga ƙarshen damina ba? Amsar tana jikin ukun nan da muke yi wa kallon masu lafiya. Mai rewaya ya yi wa kowanne caji shi kaɗai har ya ƙoshi, sannan ya gwada su da ƙwan fitila ɗaya. Lambar 100 da ke jikin batir ma'anarta ke nan: ya ba da amfa 5 na tsawon awa 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. Na biyu ya yi awa 16, na uku 15, na huɗu bai wuce 8 ba. Ya zuƙi ruwan na huɗu da ma'aunin kaurin asid, wanda a cikakken batir yake kaiwa wajen 1.265, ya ga ya maƙale a 1.200 duk cajin da aka yi masa. Ashe shi ma mutuwa yake yi, sai dai tasa ba ta da wari. Cajin sola ba ya isa gare shi sosai, ya yi wata da watanni bai cika ba, kuma batirin dalma da ya daɗe a haka wani farin gishiri kan daskare a farantansa ya ƙi narkewa. Ga kuma dararen da ya yi yana ɗura wa matattu. Duk batirin da ya tsufa haka turjiyar cikinsa ƙaruwa take yi, sabo kuwa tasa ƙarama ce. Saboda haka duk sabon da Kawu ya kawo, an sa shi a gurbin da ya fi wahala, a tsakanin abokan da suka fi na da rauni. Ingancin mai tsadan nan ma shi ya ja masa: da ya fi kowa sauƙin ba da wuta, sai kusan dukan kayan suka koma kansa.

Ina ganin a nan ne masu sola da yawa a garin nan suke asarar kuɗi, ba masu jirgi kaɗai ba. Mutum zai yi ciniki mai zafi a kan batir, ya tambayi tambari, ya nemi garanti, amma in aka zo waya sai ya ce a kawo ta arha. In ɗaya ya mutu kuma sai ya sayi ɗaya ya cusa cikin tsofaffi, don aljihu abin da zai iya ke nan. Ban ga laifin mai ƙaramin ƙarfi ba. Laifin yana wurin mai haɗawa da ya san bambancin bai faɗa ba, ko bai sani ba ya karɓi aikin.

Kawu ya so a sayo wani sabo a cike gurbin tunda an gano ciwon. Mai rewaya ya ƙi. Ya ce na biyu da na uku sun yi kusa da juna a ƙarfi, su biyu za a haɗa, ja daga wannan, baƙi daga wancan, da fiyus a kan kowane jan kai dab da batir, don ranar da waya ta goge ta taɓa wata, fiyus ya ƙone maimakon jirgi. Firiza za ta riƙa hutawa da tsakar dare in kifi ya daskare, tunda rumbun ya ragu. Na huɗu aka ware shi ga fitila da cajin waya, aikin da zai iya. Famfon kwashe ruwa kuwa ya ce ko kusa kada ya sake cin kwano ɗaya da firiza: aka saya masa nasa batirin da ɗan farantinsa, don kada sanyin kifi ya cinye wutar da za a nema ranar da ruwa ke shigowa. Aka huda akwatin sama da ƙasa, aka mayar da jarkokin fetur gaban jirgi.

Mataccen kuma ya hana a fasa shi ko a tuttular da ruwansa a bakin tafki, ya ce a sayar wa masu sayen tsofaffin batura yadda yake. Mutanen jihar nan sun san dalma. A 2015 gubarta ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi. Waccan daga dutsen haƙar zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce, kuma kwata wuri ne da yara ke wanka, ake wanke kifi.

Da Kawu ya koma Zumba ya kira yaron jirgi a gaban mutanen da aka yi tsegumin a gabansu, ya ce, "Ɗana, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe mini." Ya damƙa masa ƙaramar mita da robar tataccen ruwa. Aikinsa ne yanzu duk mako ya duba ruwan kowane ɗaki, ya taɓa notuna ya ji ko akwai mai ɗumi, sau ɗaya a wata kuma ya raba baturan su kwana a rabe, ya rubuta lambar kowanne da safe.

Bayan rani ya wuce, mai rewaya ya bi motar kifi ya je kwatar da allonsa da mitar maƙalawa. A amfa 40, ɗaya ya ba da 20.4, ɗayan 19.6, ruwansu kuma tsayi ɗaya. Kawu yana zubin adashi don ya sayi huɗu a rana ɗaya in waɗannan sun gama nasu. Mai rewaya ya riga ya yanka masa sanduna biyu na jan ƙarfe, ɗaya ta ja ɗaya ta baƙi, da wayoyi takwas masu tsayi ɗaya, yadda kowane batir zai kai wutarsa sanda kai tsaye ba tare da ta bi ta kan ɗan'uwansa ba.